Kar Ki Kalli Kyamara

A ɗauka ta goma sha bakwai ne Darakta ya cire hularsa ya buga da ƙasa. Mai kyamara ya sunkuya yana gyara abin da bai lalace ba, mai sauti ya sauke doguwar sandarsa yana murza kafaɗa. Ni kuma ina tsaye bakin ƙofar kicin, jakar kaya a kafaɗa, gorar ruwa a hannu, wayoyi biyu suna ta ruri a aljihuna. Sai ƙanwata Auta, wadda saboda ita kowa ke zufa tun safe, ta juyo da fara'arta ta ce, "Wannan dai ya yi, ko?"

Bai yi ba. Ta sake kallon kyamara.

Wanda ba ya cikin sana'ar zai ce mene ne abin jefar da hula a nan, don haka bari in yi bayani. Auta mawaƙiya ce, kuma ba don tana ƙanwata ba, ta iya. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, ni ma shekara goma sha ɗaya ina biye da ita. A takarda sunana manaja. A zahiri ni ce mai ɗinki, ni ce mai guga, ni ce mai amsa waya, ni ce mai ba mutane haƙuri duk ranar da ta yi latti, wato kullum. A tsawon shekarun nan abu ɗaya aka yi ta cusa mata: ki nemi idon kyamara ki zuba masa naki. A bidiyon waƙa haka ake so, ki kalli gilashin nan kamar masoyinki ne a ciki. A talla haka ake so, ki ɗaga sabulu kusa da kumatu, ki kalli gilashi, ki nuna haƙora. A talabijin, lokacin da take alƙalancin gasar waƙa, kyamara huɗu ce a ɗakin, duk wadda jar fitilarta ta kama nan za ki juya. Auta ta ƙware har ta kai ko a titi wani ya ɗaga waya daga nesa, wuyanta ya juya kafin ita kanta ta sani.

To fim ba haka yake ba. A fim sai ki yi kamar kyamarar ba ta nan. Kina kallonta kin ɓata komai, don mai kallo ba zai ƙara ganin matar da ke cikin labari ba, mawaƙiya zai gani tana gaishe shi.

Kuma wannan fim ɗin ba abin wasa ba ne a wurinmu. Gaskiyar da ba ma faɗa a gabanta ita ce, kasuwar Auta ta fara sanyi. Waƙoƙinta biyu na ƙarshe sun fito sun wuce kamar ba a yi ba. Masu sabulu sun ɗauki wata yarinya 'yar shekara ashirin da biyu. Gidan talabijin sun ce za su kira, yau wata takwas ke nan. Darakta ne kaɗai ya ce yana hango 'yar wasa a cikinta, ya yi ta kai ruwa rana da Furodusa har aka ba ta matsayin matar jarumin fim. Kwana ukun farko lafiya lau, saboda daga nesa ake ɗaukarta: ta fito daga mota, ta hau bene, ta shanya kaya. Yau ce ranar da kyamara ta matso fuskarta.

Abin da ake nema kuwa ko magana babu a ciki. Tana zaune a teburin kicin, mijinta na fim yana gaya mata cewa shi ne ya kaɗe ƙaninta da mota shekarun baya, ya gudu. Ita nata kawai ta saurara. Ta kalli mijin, ta ji abin da yake faɗa, fuskarta ta nuna ta ji. Daƙiƙa arba'in. Wannan daƙiƙa arba'in ɗin muke nema tun ƙarfe takwas na safe.

Babu dabarar da ba a gwada ba. An manna salatif a kan jar fitilar kyamara. An lulluɓe mai kyamara da baƙin mayafi, shi da kayansa, har bawan Allah ya fito kamar an tsamo shi daga ruwa. An kai kyamarar falo aka ɗauko ta daga nesa ta tsakanin ƙofa da bango. Auta ta yi daƙiƙa tara tana kallon Jarumi, har na fara hamdala a raina, sai kawai idon nan ya zame a hankali, ya ratsa ta kafaɗarsa, ya bi ta ƙofa, ya je ya samo gilashin a inda aka ɓoye shi. Har da ɗan ɗaga gira.

Ba ido kaɗai ba ne ma. Mai sauti ya cire abin kunnensa ya ce yana jin wani ƙwas-ƙwas, aka duba, ashe ƙafar Auta ce ke buga kiɗa a ƙarƙashin tebur. Aka cire mata takalmi. Can kuma mai kyamara ya ce leɓenta na motsi. Shekara da shekaru tana bin waƙa da baki a bidiyo, to ta haddace maganar Jarumi, yana faɗa tana binsa a hankali. Mutum yana gaya miki shi ya kashe ƙaninki, ke kuma kina taya shi.

Jarumi dattijon ɗan wasa ne, mai haƙuri, amma haƙurin ya ƙare da azahar. Ya miƙe ya gyara riga ya ce, "Darakta, ni fa an gama ɗaukar ɓangarena tun ƙarfe goma. Sau ashirin na kashe yaron nan yau. Ina da wani aiki ƙarfe uku." Ya ɗauki jakarsa ya tafi, kuma babu wanda ya ga laifinsa.

Bayan fitarsa Darakta ya yafito ni zuwa baranda. Ya rage murya.

"Yaya, zan gaya miki gaskiya, don ke ce mai ji. Matar da ta ba mu hayar gidan nan ta ce ƙarfe biyar mu kwashe kayanmu, ba za ta ƙara mana ko minti ɗaya ba. Furodusa ya kira ni sau huɗu. Yana da wata a ajiye, ta haddace komai, rigar ma za ta yi mata. In biyar ta yi ban samu fuskar nan ba, gobe wata ce za ta zauna a kujerar can. Kwana ukun da muka yi sai a sake."

"Ka gaya mata?"

"Na gaya mata da safe, ta ce kar in damu."

Haka take. Ni aka bar wa damuwa tun tana ƙarama.

Na same ta a ɗakin yaran gidan, inda muka mayar wurin sauya kaya. Tana zaune kan ƙaramin gado, mai kwalliya na share mata zufa, ita kuma ta ɗaga waya tana duba haƙoranta a ciki.

"Auta, ajiye wayar nan."

"Ina jin ki, Yaya."

"Za su cire ki."

"Haba, wa zai cire ni? Darakta ne kawai da son wahalar da mutane. Ni ban ga abin da na yi ba. Kin ga ɗauka ta goma sha biyu? Wallahi na yi kyau a ciki."

"Ba kyau ake nema ba! Mijinki ya kashe ƙaninki!"

"To ai na ɓata rai."

"Kin ɓata rai kina kallon kyamara, kamar mai tallan maganin ciwon kai."

Mai kwalliya ta ƙunshe dariya ta juya baya. Auta ta yi tsaki, ta karkata wayar ta duba ɗaya gefen fuskar. "Yaya, ki kira mutanen kamfanin lemon nan ki ce jibi ba zan samu zuwa da safe ba. Kuma rigar nan ta matse ni a hammata, ki ɗan buɗe ta. Ruwan nan ma ya huce, babu mai sanyi?"

Na tsaya ina kallon ƙeyarta. Raina ya ɓaci, amma na saba haɗiyewa. Na zaro allura daga jaka na buɗe hammatar, tana sanye da rigar, tana ta amsa saƙonni.

Ƙarfe uku da rabi aka koma. Tunda Jarumi ya tafi, dole a samu wanda zai tsaya a gefen kyamara ya karanta maganarsa, don ta samu inda za ta sa ido. Haka ake yi. Fuskarta kaɗai ake ɗauka, daga baya a ɗora muryar Jarumi a kai. Aka fara tsayar da mataimakin Darakta, dariya ta kama ta saboda wai yana karatu kamar mai labaran rediyo. Aka tsayar da mai fitila, ta ce tsayinsa ya yi yawa, wuyanta na ciwo. Matar gidan ta leƙo karo na uku, ta duba ko mun goge mata bango, ta nuna agogon hannunta. Hasken taga ya fara karkata, mai kyamara yana ta ƙunƙuni.

Ƙarfe huɗu da kwata Darakta ya juyo ya dube ni.

"Yaya, zo ki tsaya nan."

"Ni? Ni tela ce, ban iya wasa ba."

"Ba wasa za ki yi ba. Karatu kawai. Wataƙila ke ta kalle ki."

Na ajiye jaka da gora. Aka tsayar da ni dab da kyamara, kafaɗata na gogar ta mai ɗauka, aka miƙo mini takarda. Auta na zaune taku uku daga inda nake, hannu a kan tebur, an sake shafa mata hoda.

"Shiru! Ɗauka ta ashirin da shida. Mu je."

Na fara karantawa. "Akwai abin da na daɗe ina ɓoye miki. Ranar da ƙaninki ya rasu, ba a ofis nake ba." Na ɗago kai in ga ko tana kallona.

Tana kallon gefen kunnena. Tazarar da ke tsakanin fuskata da gilashin bai fi tafin hannu biyu ba, amma ta zaɓi gilashin. Ga ni a gabanta, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya ta, ni na yi mata kitson farko, amma idonta ya wuce ni kamar labule.

Ban san lokacin da na sauke takardar ba.

"Auta, wata nawa ina sa tabarau?"

Na ji Darakta ya motsa a bayana. Bai ce a tsaya ba.

"Tambayarki nake. Wata nawa?"

Idon ya dawo. Ya sauka a fuskata, ya tsaya a kan tabarau ɗin, baƙin firam mai kauri wanda ko makaho zai lalubo. Na ga ta ɗan buɗe baki.

"Wata biyar. Likita ya ce ɗinkin duwatsun rigunanki ne ya cinye mini ido. Kullum muna mota ɗaya, muna cin abinci a tebur ɗaya, ba ki taɓa cewa Yaya me ya samu idonki ba. Ba ki gani ba ne. Ina za ki gani? Ni ba ni da jar fitila a goshi."

Ni kuwa bakina ya riga ya buɗe, abin da na tara shekara da shekaru ya taho gaba ɗaya, ba tsari.

"Shagona keken ɗinki uku ne a ciki da yara masu koyo huɗu. Na rufe na ce wata shida zan taya ki, ki tsaya da ƙafarki. Wata shida! Ranar da 'yata ta haihu ina saman wani bene ina riƙe miki lema, saboda rana kar ta taɓa miki kwalliya. Sai da aka gama bidiyo na je asibiti, na tarar surukarta ce ta karɓi jaririn. Kin san abin da kika ce mini washegari? Kika ce wai ina na shiga jiya, kin nemi 'yan kunnenki ba ki gani ba. Jikana yanzu yana gudu, in ya gan ni ɓuya yake bayan uwarsa, bai san ni ba. Maigidana ya daina tambayar yaushe zan dawo. Na ba masu otal haƙuri, na ba direbobi haƙuri, na ba masu kiɗa haƙuri, yau tun safe ina ba mutanen ɗakin nan haƙuri da ido. Mutum ashirin sun bar gidajensu saboda ke. Dattijo ya tsaya gabanki sau ashirin yana zubar da hawaye, ke kina neman inda za ki yi kyau. Abu ɗaya aka ce ki yi, ki saurari mutum. Kin kasa, don ba ki taɓa yi ba."

Ƙafarta ba ta motsi. Leɓenta ma ba ya motsi, tunda wannan maganar ba ta haddace ta ba.

"Na gaji, Auta. Wallahi na gaji. Ko su cire ki ko su bar ki, ni yau ce ranata ta ƙarshe. Gobe ki nemi wata."

Ban ƙara ganin fuskar nan a wurinta ba tun rasuwar mahaifiyarmu. Ba ta yi kuka irin na bidiyo ba, wanda ake ɗiga ruwa a ido a karkata kai. Fuskar ce kawai ta saki, ta tsufa, ta yi muni ma in gaskiya za a faɗa. Idonta ya cika, bai zubo ba, kuma bai bar kaina ba. Ta ɗaga hannu daga tebur kamar za ta kamo ni, ta mayar.

Aka daɗe a haka. Sannan na ji muryar Darakta can ƙasa-ƙasa: "Yanke."

Mai kyamara ya ɗago kai ya ce, "Daƙiƙa hamsin da biyu. Ko sau ɗaya ba ta kalle ni ba."

Sai ɗakin ya kaure. Mai sauti ya jingine sanda yana tafi, mai kwalliya na share ido da bayan hannu. Darakta ya duba abin a ƙaramin allo sau biyu, ya ɗauki hularsa daga inda take tun ɗazu, ya kaɗe ta, ya fita baranda yana kiran Furodusa. Ina jiyo shi yana cewa, "Ka sallami waccan. Na ce ka sallame ta! Zo ka ga abin da na samu." Agogon kicin ya nuna biyar saura ashirin. Matar gidan ta shigo ta tarar ana naɗe wayoyin fitila, sai ta ce a kula mata da ƙofar firji.

Auta tana nan kan kujerarta. Da ta ji tafi, ta ji abin da Darakta ke faɗa, sai na ga jini ya dawo mata fuska. Ta miƙe ba takalmi ta rugo ta rungume ni.

"Yaya! Kai, Yaya, kin kashe ni! Ashe ke ce 'yar wasan gidanmu? Wallahi har na ɗauka da gaske kike. Ke da Darakta kuka shirya a baranda, ko? Na gan ku kuna ƙus-ƙus." Tana dariya tana share hanci. "Kin ceci aikina. Bari mu fita daga nan in kai ki inda kike so. Af, kin kira mutanen lemon?"

Ni kaina sai a lokacin na tsaya na tambayi zuciyata, ko zafin rai ne ya sa na faɗa. Na jira in ji nadama. Ba ta zo ba. Abin da na ji shi ne kafaɗuna sun yi sauƙi, kamar na sauke tulun da na manta ina ɗauke da shi.

Na zare hannuwanta daga wuyana. Na ciro wayoyin nan biyu daga aljihu, na kamo tafinta na ɗora mata. Na ɗauko jakar kaya na rataya mata a kafaɗa.

"Baƙar wayar ta aiki ce, lambar mutanen lemo na ciki. Rigar gobe tana mota, na goge. Darakta ya ce ƙarfe bakwai."

"Yaya, an gama ɗauka fa."

"Na sani. Ba mu shirya komai da kowa ba, Auta. Na yi murna da kika samu aikinki, Allah ya sani na yi murna. Ki riƙe shi da kyau."

Dariyar ta tsaya. Fuskar ɗazu ta dawo, ita ɗin dai sak, wadda aka wuni ana nema. Mai kyamara ya riga ya rufe gilashinsa yana sa shi a akwati, babu mai ɗauka. Ni kaɗai take kallo.

Na ji tausayinta har cikin raina, don ƙanwata ce, kuma ba ta san ko lambar buɗe baƙar wayar ba. Na gaya mata lambar sau biyu, a hankali, ta maimaita. Ɗaya wayar ta fara ruri a hannunta, ta miƙo mini kamar yadda ta saba. Ban karɓa ba.